Sauya Matsayin Zubi a Asusun Ritaya na IRA da Tasirinsa a Kan Takardar Gyaran Haraji a Amurka

Dokar haraji ta Amurka ta bai wa mai ajiyar ritaya wata dama da ba kasafai dokokin haraji ke bayarwa ba. Mutum zai zuba kuɗi a wani asusu a watan Janairu, ya zauna har watan Oktoban shekara mai zuwa, sannan ya canza shawara, doka kuma ta ɗauka tamkar tun ranar farko a ɗaya asusun ya zuba. Wannan dama ita ake nufi da sauya matsayin zubi. Tana cikin sashe na 408A(d)(6) na kundin dokokin haraji na tarayya, Ma'aikatar Kuɗi kuma ta yi mata bayani dalla-dalla a ƙa'ida ta 1.408A-5. Da yake sau da yawa sai bayan an miƙa takardar harajin shekara ake yin sauyin, maganar takan ƙare ne a kan fom 1040-X, wato takardar gyara.

Asusun IRA iri biyu maganar ta shafa. Na gargajiya ya samo asali daga dokar ERISA ta 1974. Ma'aikaci zai zuba, idan ya cika sharuɗɗa a cire abin da ya zuba daga kuɗin shigar da za a yi wa haraji a wannan shekara, sai ranar da ya zo ɗiba ya biya. Na Roth, wanda aka raɗa wa sunan Sanata William Roth na jihar Delaware, dokar 1997 ce ta kafa shi, ya fara aiki a 1998. A nan babu wani ragi a shekarar zubi, amma idan mai asusu ya kai shekara 59 da rabi, asusun kuma ya cika shekara 5, duk abin da ya ɗiba, uwa da riba, ba a taɓa shi da haraji. A shekarun 2024 da 2025 iyakar abin da mutum zai zuba a asusun biyu a haɗe dala 7,000 ce, ko 8,000 ga wanda ya kai shekara 50.

Kowane asusu yana da shingen kuɗin shiga. A 2024, wanda ba shi da aure yana da cikakken izinin zubi a Roth matuƙar kuɗin shigarsa bai kai dala 146,000 ba. Daga nan izinin zai yi ta raguwa har ya ƙare a 161,000. Ma'auratan da suka haɗa takarda ɗaya shingensu daga 230,000 ne zuwa 240,000. Asusun gargajiya kuwa kowa na iya zubawa in dai yana da kuɗin aiki, sai dai ragin ne ke da sharaɗi: wanda ke cikin shirin ritaya na wurin aiki, irin su 401(k), raginsa na fara raguwa daga dala 77,000 ya ƙare a 87,000 idan ba shi da aure, ko daga 123,000 zuwa 143,000 ga ma'aurata. Inda matsalar take shi ne, mai hankali yakan zuba da wuri don kuɗin ya daɗe yana juyawa, alhali ba zai san ainihin kuɗin shigarsa ba sai shekara ta ƙare. Ƙarin albashi a Disamba, ko sayar da hannun jari, ko aure a tsakiyar shekara, kowane ɗaya ya isa ya mayar da halastaccen zubi ya zama wanda ya wuce ƙa'ida.

Abin da doka ta yarda a sauya

Zubin shekara na yau da kullum kaɗai ake iya sauya wa matsayi, daga Roth zuwa na gargajiya ko daga na gargajiya zuwa Roth, dukkansa ko wani ɓangare nasa. Abin da mai ba da aiki ya zuba wa ma'aikaci a asusun SEP ko SIMPLE ba ya ciki. Haka abin da ma'aikaci ya riga ya ware daga albashinsa zuwa ɓangaren Roth na 401(k). Wannan zaɓi ne da ba a janyewa.

Akwai wani abu dabam da ake yawan haɗa shi da wannan, wato juya kuɗin da ke asusun gargajiya zuwa Roth tare da biyan harajinsa a shekarar juyin. Kafin 2018 ana iya warware irin wannan juyi. Mutum zai juya dala 100,000, kasuwa ta faɗi su koma 60,000, sai ya mayar da su inda suka fito don kada ya biya haraji a kan dukiyar da ta riga ta narke. Wasu ma sukan raba kuɗin asusu-asusu, su bar wanda ya yi riba, su warware wanda ya yi asara. Dokar rage haraji da Shugaba Donald Trump ya sanya wa hannu a Disamban 2017 ta toshe wannan hanya. Juyin da aka yi a 2017 shi ne na ƙarshe da aka iya warwarewa, wa'adinsa kuma ya ƙare ranar 15 ga Oktoban 2018. Har yanzu tsofaffin littattafai da shafukan intanet na ɗauke da shawarar da ta gabaci wannan canji, don haka wajibi ne mai karatu ya duba shekarar abin da yake karantawa.

Wa'adi da yadda ake yi

Wa'adin asali shi ne ranar miƙa takardar haraji, 15 ga Afrilu, haɗe da ƙarin lokacin da aka nema. Amma ko wanda bai nemi ƙarin lokaci ba, idan ya miƙa takardarsa a kan kari, ƙa'ida ta 301.9100-2 ta ba shi ƙarin wata 6 ba tare da ya roƙa ba, zuwa 15 ga Oktoba. Sharaɗin shi ne ya shigar da takardar gyara, ya rubuta a samanta cewa bisa wannan sashe aka shigar da ita. Wanda ya yi jinkirin miƙa takardar asali kuma bai nemi ƙarin lokaci ba, wannan sauƙi bai shafe shi ba.

Wa'adin na Oktoba na kammala tura kuɗin ne. Kamfanonin da ke riƙe da asusu sukan buƙaci kwanaki kafin su aiwatar, wasunsu ma suna da nasu wa'adin na karɓar buƙata, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Dole kuɗin ya tashi daga mariƙin asusu zuwa mariƙin asusu, ko daga asusu zuwa asusu a kamfani ɗaya. Idan mai asusu ya karɓi kuɗin a hannunsa ya kai da kansa, ya ɓata aikin: doka za ta ɗauke shi ɗiba ce da sabon zubi. Da zarar an tura kuma, ba a komawa baya.

Ba uwar kuɗin kaɗai ake turawa ba, har da rabonta na riba ko asara. Ƙa'ida ta 1.408-11 ce ta tsara lissafin, kuma ba ta duba abin da aka saya da wannan zubi na musamman. Asusun gaba ɗaya take dubawa. A ɗauka akwai dala 20,000 a asusun Roth, aka ƙara 7,000, jimla 27,000. Ranar da za a yi sauyin asusun ya kai 29,700, wato ya ƙaru da kashi 10 cikin 100. Rabon zubin 700 ne, don haka 7,700 za a tura. Da asusun faɗuwa ya yi zuwa 24,300, da 6,300 za a tura. A duka halayen biyu, abin da takardar haraji ta sani a matsayin zubi 7,000 ne. Ribar 700 ba ta zama kuɗin shiga a shekarar sauyin, ba a kuma lissafa ta cikin iyakar zubi, domin doka ta ɗauka a asusu na biyu aka same ta. Asarar ma ba ta rage ragin da mutum zai samu.

Daga nan ake gane gaskiyar lamarin: tura kuɗin shi kansa ba ya haifar da haraji ko sisin kwabo. Duk canjin harajin kuɗin shiga da za a gani a takardar gyara daga ragin zubi yake fitowa, samuwarsa ko rasa shi, da kuma abubuwan da ke rataye da jimlar kuɗin shiga.

Idan ragi ya samu

Fom 1040-X yana da ginshiƙai uku: adadin da aka rubuta tun farko, canjin da aka samu, da adadin da ya dace. A ɗauki misalin ma'aikaciya marar aure mai albashin dala 70,000 a 2024, wadda ba ta cikin wani shirin ritaya a wurin aiki. Ta zuba 7,000 a Roth a watan Maris na 2024, ta miƙa takardarta a Afrilun 2025. Bayan an cire ragin bai-ɗaya na 14,600, abin da aka yi wa haraji 55,400 ne, kuma duk abin da ya haura 47,150 kashi 22 cikin 100 ake karɓa a kansa. A watan Agusta ta mayar da zubin asusun gargajiya. A takardar gyara za ta rubuta 7,000 a layin ragin IRA na jadawali na 1, abin da ake yi wa haraji ya sauko 48,400, hukumar haraji ta IRS ta mayar mata da dala 1,540.

Ba kullum lissafin ke zuwa da sauƙi haka ba. Da albashinta 65,000 ne, abin haraji 50,400, da 3,250 kaɗai na ragin zai faɗo a matakin kashi 22, sauran 3,750 a matakin kashi 12, abin da za a mayar mata ya tsaya a 1,165. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga shawarar kanta. Wanda ya bar Roth don ya ceci kashi 12 a yau, mai yiwuwa ne ya biya fiye da haka ranar ɗiba, a kan uwa da ribar shekara talatin. Kuɗin da IRS ke mayarwa ɗage haraji ne zuwa gaba, kuma ya kamata a auna shi a haka. Tun da doka ta yarda a sauya ɓangare, tana iya mayar da 3,250 kawai ta bar sauran a Roth.

Inda sauyin ya fi yin aiki shi ne wajen masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda su ne ba su cika samun mai ba su shawara ba. Akwai rangwamen masu ajiya da ake nema da fom 8880, wanda ke ba da kashi 50, ko 20, ko 10 cikin 100 na dala 2,000 na farko da aka zuba, gwargwadon kuɗin shiga. A 2024, marar aure yana samun kashi 50 idan kuɗin shigarsa bai wuce 23,000 ba, kashi 20 zuwa 25,000, kashi 10 zuwa 38,250. Ma'aikacin da ke samun 27,000, ya daure ya zuba 4,000 a Roth, harajinsa kimanin 1,256 ne, a cire masa rangwamen 200, ya biya kimanin 1,056. Idan ya mayar da zubin na gargajiya, kuɗin shigarsa ya sauko 23,000 daidai, harajin ya koma kimanin 840, rangwamen kashi 50 kuma ya shafe shi gaba ɗaya. Rangwamen ba ya wuce harajin da ake bin mutum, don haka ba zai sami cikakkiyar 1,000 ba, amma duk abin da ya biya zai dawo masa. Ya ceci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya zuba, alhali matakin harajinsa bai wuce kashi 12 ba. Daga 2027 dokar SECURE 2.0 za ta maye gurbin wannan rangwame da tallafin da gwamnati za ta zuba kai tsaye a asusun mai ajiya.

Haka saukar kuɗin shiga ke iya ƙara tallafin inshorar lafiya da ake lissafawa a fom 8962. Saboda haka takardar gyara ba ta tsayawa a layi ɗaya. Duk fom ɗin da ke dogara da jimlar kuɗin shiga sai an sake lissafa shi an haɗa. Wani abu da ke yaudarar mutane kuma: ragin IRA ba ya taimakawa wajen tsallake shingen Roth, domin a lissafin wannan shinge ana mayar da ragin cikin kuɗin shiga. Wanda ya haura shingen da kaɗan ba zai iya mayar da rabin zubinsa na gargajiya don ragin ya sauko da shi ya halasta ɗaya rabin ba.

Idan ragi ya tafi

Wanda ya zuba a asusun gargajiya, ya ci ragin, sannan ya mayar da zubin Roth, zai cire ragin a takardar gyara ya biya bambancin. A misalin da ya gabata, 1,540 ce za ta hau kansa. Kuɗin ruwa na gudana ne daga 15 ga Afrilu, ranar da ya kamata a ce an biya, ko da sauyin halas ne kuma cikin wa'adi aka yi shi. IRS na sabunta adadin kowane wata uku; kashi 8 cikin 100 ne a 2024, ya sauko kashi 7 a farkon 2025. A kan 1,540 na tsawon wata 6, kimanin dala 55 ke nan. Abin da ya fi shi ne a biya tare da miƙa fom ɗin. Duk rangwamen da aka samu saboda ƙarancin kuɗin shiga shi ma ana sake duba shi, kuma a nan ne wani lokaci bashin ke zarce abin da aka zata.

Akwai riba ɗaya a wannan ɓangare da ba ta bayyana a takardar. Shekara 5 ɗin Roth ana fara ƙirga su ne daga 1 ga Janairun shekarar da aka yi wa zubi na farko. Wanda ya mayar da zubin 2024 zuwa Roth a Satumban 2025, ƙirgensa ya fara tun Janairun 2024.

Idan haraji bai motsa ba

Wannan shi ne halin da aka fi shiga, shi ne kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Marar aure da kuɗin shigarsa ya kai dala 152,000 a 2024 ya shiga shingen Roth da 6,000 cikin 15,000, wato kashi 40 cikin 100. Izininsa ya ragu zuwa 4,200. Idan 7,000 ya zuba, 2,800 sun wuce ƙa'ida, sashe na 4973 kuma ya ɗora tarar kashi 6 cikin 100 a kansu, dala 168, kowace shekara har sai an gyara. Wanda ya haura 161,000 duk zubinsa ne ya wuce ƙa'ida, tararsa 420 a shekara. Sauya matsayi cikin wa'adi yana shafe wannan tara tun daga tushe. Idan an riga an biya ta da fom 5329 a takardar asali, takardar gyara za ta dawo da ita.

Mai irin wannan albashi yawanci yana cikin 401(k), don haka babu ragin da zai samu a asusun gargajiya. Idan bai riga ya biya tarar ba, ginshiƙin canji na fom 1040-X zai nuna sifiri daga sama har ƙasa, mutum ya ga kamar babu abin da ya rage. Alhali aiki mafi muhimmanci na nan, wato cika fom 8606. Wannan fom shi kaɗai ne shaidar cewa akwai kuɗi a asusun gargajiya da aka riga aka biya wa haraji. Kamfanin da ke riƙe da asusu ba ya ajiye wannan lissafi, domin bai san ko mai asusu ya ci ragi ko bai ci ba. A layi na 1 ake rubuta zubin shekarar da ba a yi wa ragi ba, a layi na 2 jimlar shekarun baya, layi na 14 kuma ya ba da abin da za a ɗauka zuwa gaba. Uwar zubin ake rubutawa, 7,000, ba 7,700 da aka tura ba.

Tarar rashin cika fom 8606 dala 50 ce kacal, kuma ƙanƙantarta na sa a raina lamarin. Asarar gaske tana zuwa ne bayan shekara ashirin ko talatin, ranar da tsoho ko magadansa suka zo ɗiba ba su da abin da za su nuna. Sai a yi wa kuɗin haraji karo na biyu. A matakin kashi 22, zubin shekara ɗaya da aka manta ya jawo asarar 1,540, kuma wanda ya manta sau ɗaya yakan maimaita shekara da shekaru. Mai shirya wa mutane takardar haraji da ya ce a bar gyaran tun da babu kuɗin biya ko na karɓa, ya cuci wanda ya amince masa, ko da bai yi nufi ba.

Akasin haka ma na faruwa. Wanda ya zuba a asusun gargajiya ba tare da ragi ba, ya cika fom 8606, sannan ya gano ya cancanci Roth ya mayar da kuɗin can, dole ya gyara fom ɗin ya cire zubin. Barin adadin da ya wuce gaskiya yana da tarar dala 100.

Takardun da ke zuwa a makare

Umarnin IRS ya buƙaci a haɗa ɗan bayani da takardar: ranar zubi da adadinsa, ranar sauyi, adadin da aka tura, da ribar ko asarar da ke ciki. Idan a cikin shekarar zubin aka yi sauyin, adadin da aka tura yana shiga layi na 4a na fom 1040, ba tare da ya shiga layin abin haraji ba. Idan a shekara ta gaba aka yi, bayanin kaɗai ya wadatar.

Kamfanin da kuɗin ya bari zai aiko da fom 1099-R, mai alamar N a akwati na 7 idan zubi da sauyi shekararsu ɗaya, ko alamar R idan zubin na shekarar baya ne. Kamfanin da ya karɓi kuɗin kuma zai nuna shi a akwati na 4 na fom 5498. Ruɗanin da ke nan na lokaci ne. Zubin 2024 da aka sauya a Agustan 2025, fom 1099-R ɗinsa zai iso a Janairun 2026, yana ɗauke da shekarar 2025 a goshinsa, alhali takardar 2024 ya shafa. Ba a jiran sa kafin a yi gyara, kuma idan ya iso ba a shigar da shi a matsayin kuɗin shiga na 2025. Tun 2020 ana iya miƙa fom 1040-X ta intanet, IRS kuma ta ce aikinsa na iya kai mako 16. Mai neman a mayar masa da kuɗi yana da shekara 3 daga ranar miƙa takardar asali, ko 2 daga ranar biya, wanda ya fi nisa. Wannan wa'adin takarda ne. Bai ƙara wa wa'adin tura kuɗin ko kwana ɗaya ba.

Yawancin jihohi daga jimlar kuɗin shiga ta tarayya suke fara nasu lissafin, don haka gyaran tarayya kan jawo gyaran jiha. Massachusetts da New Jersey da Pennsylvania ba sa ba da ragin zubin IRA, Texas da Florida kuwa ba su da harajin kuɗin shiga ma sam.

Sauyi sannan juyi

Tun 2010, da aka cire shingen dala 100,000 da ke kan juyi zuwa Roth, masu babban albashi sukan zuba a asusun gargajiya ba ragi, sannan su juya. Wanda ya sauya matsayin zubinsa yana iya bin wannan hanya, sai dai aikin zai ratsa shekara biyu. Zubin na fom 8606 na 2024 ne, juyin kuma na fom 8606 na 2025 idan a 2025 aka yi shi. Ribar 700 da ta tsira a lokacin sauyi, a nan za ta biya haraji.

Hakan na tafiya daidai ne idan babu wani kuɗi a asusun gargajiya. Doka tana haɗa duk asusun gargajiya, da SEP, da SIMPLE na mutum ta ɗauke su ɗaya, bisa abin da ke cikinsu ranar 31 ga Disamba. Idan yana da wasu 62,300 da ba a taɓa biya wa haraji ba, jimla ta zama 70,000, wanda aka biya wa haraji kashi 10 cikin 100 ne kawai. Cikin 7,700 da ya juya, 770 ne za su tsira, 6,930 su shiga kuɗin shiga, kuma ba shi da hanyar warware juyin. Mai irin wannan hali ya kamata ya auna wasu hanyoyi biyu tun kafin ya motsa. Yana iya janye zubin da ribarsa cikin wa'adi, ya biya harajin ribar kawai. Dokar SECURE 2.0 ta Disamban 2022 ta cire tarar kashi 10 da a da ake ɗorawa a kan wannan riba. Ko ya biya tarar kashi 6 sau ɗaya, ya lissafa kuɗin a matsayin zubin shekara mai zuwa idan a shekarar zai cancanta.

Aure da zaman ƙasar waje

Akwai wata ƙa'ida da ta fi shafar baƙin da ke aiki a Amurka, ciki har da Hausawan Najeriya da Nijar da Gana. Mai aure da ya miƙa takardarsa shi kaɗai, idan ya zauna da matarsa ko na ɗan lokaci ne a cikin shekarar, shingen Roth ɗinsa daga sifiri ne zuwa dala 10,000. Idan kuwa duk shekarar ba su zauna tare ba, shingen marar aure ake auna shi da shi. Magidancin da iyalinsa ke Kano ko Maraɗi zai yi shekaru yana zubi a Roth lafiya lau. Shekarar da bizar matarsa ta fito ta iso a watan Nuwamba, idan ya ci gaba da miƙa takarda shi kaɗai kamar yadda ya saba, zubin da ya yi tun Janairu ya wuce ƙa'ida. Yana iya sauya masa matsayi, kuma idan shi da matar babu wanda ke cikin shirin ritaya na wurin aiki, cikakken ragi zai samu. Yana iya kuma amfani da fom 1040-X ya koma takardar haɗin gwiwa, wadda doka ta yarda a koma mata cikin shekara 3, sai shingen ya tashi zuwa na ma'aurata, wanda ya fara daga 230,000 a 2024, zubin ya halasta a inda yake. Idan matar ba ta kai ga zama mazauniya a idon dokar haraji ba, sai su biyun sun zaɓi a ɗauke ta a haka, wanda ke nufin kuɗin shigarta na ko'ina a duniya zai shiga lissafi.

Ɗan ƙasar Amurka da ke aiki a Abuja ko Yamai yana da nasa tarkon. Fom 2555 ya ba shi damar keɓe har dala 126,500 na albashin ƙasar waje daga haraji a 2024, amma kuɗin da aka keɓe ba ya cikin kuɗin aikin da ke ba da izinin zubi. Idan ya keɓe albashinsa duka, ba shi da izini a Roth, ba shi da shi a na gargajiya. Sauya matsayi ba ya warkar da wannan, kamar yadda ba ya warkar da zubin da ya haura iyakar shekara, domin kuɗin zai ci gaba da zama wanda ya wuce ƙa'ida a kowane asusu aka kai shi. Janyewa ce mafita.

Wanda 15 ga Oktoba ta wuce shi, sai dai idan IRS ta ɗage wa'adi a yankinsa saboda wani bala'i, abin da ya rage masa shi ne neman hukunci na musamman daga hukumar bisa ƙa'ida ta 301.9100-3. Zai nuna cewa ya yi aiki da kyakkyawar niyya, misali ya dogara da ƙwararren da bai faɗa masa gaskiyar lamarin ba, kuma amincewa da buƙatarsa ba za ta cutar da baitulmali ba. Kuɗin shigar da wannan buƙata dubban daloli ne, ban da ladan lauya, saboda haka ga zubin shekara ɗaya biyan tarar kashi 6 da cire uwar kuɗin kafin 31 ga Disamba ya fi araha nesa ba kusa ba.